Saint-Cirq-Lapopie: Ƙauyen da Aka Adana Gininsa Aka Bar Harshensa

A kudu maso yammacin Faransa, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Cahors, akwai wani ƙauye mai suna Saint-Cirq-Lapopie da ke ɗare bisa gaɓar dutse, kusan mita 100 a saman kogin Lot. Mazaunansa na dindindin ba su wuce mutum 200 da ɗoriya ba, amma duk shekara dubban ɗaruruwan baƙi ke hawa lungunansa. Yana cikin ƙungiyar ƙauyukan da ake ɗauka sun fi kyau a Faransa, wadda aka kafa a 1982, kuma a 2012 masu kallon wani shirin talabijin suka zaɓe shi a matsayin ƙauyen da Faransawa suka fi so. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, abin da aka adana a wurin rabin gado ne kawai, kuma rabin da aka bari ya zube shi ne ya fi shafar masu nazarin harshe.

Ba za a musanta kyawun aikin da aka yi ba. Gidajen dutse masu rufin jan tubali, waɗanda yawancinsu suka samo asali tsakanin ƙarni na 13 da na 16, suna nan a tsaye. Majami'ar garin tana nan, haka ma kufan ganuwar da gidajen sarauta uku, wato Lapopie da Gourdon da Cardaillac, suka yi tarayya a kanta a zamanin da. Marubuci André Breton ya sayi gida a ƙauyen a farkon shekarun 1950, kuma zamansa ya jawo masu zane da marubuta a daidai lokacin da matasa ke barin wurin zuwa birane. Da ba don kuɗin baƙi ba, da rufin gidaje da dama ya daɗe da ruftawa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba.

Sai dai wanda ya sauka zuwa bakin kogi zai fara ganin abin da hoton kati ba ya nunawa. Tsakanin ƙauyen da Bouziès akwai wata hanya da aka sassaƙa cikin jikin dutse a tsakiyar ƙarni na 19, domin mutane da dabbobi su riƙa jan kwale-kwalen kaya da igiya idan za a hau ruwa. Kogin Lot yana zuba cikin Garonne, don haka shi ne hanyar da giyar inabin Cahors ke bi zuwa Bordeaux. A cikin ƙauyen kuwa masassaƙa sun shahara wajen yin famfon katako na gangunan giya. Ƙwaron filoksera ya cinye gonakin inabi a ƙarshen ƙarnin, jirgin ƙasa kuma ya ƙwace sufurin daga hannun kogi. Kowace sana'a daga cikin waɗannan tana da kalmominta: sunayen kayan aiki, sunayen wuraren haɗari a ruwa, kiraye-kirayen masu jan igiya. Yawancin masu waɗannan sana'o'i kuma ba da Faransanci suke yin su ba. Harshensu na yau da kullum shi ne Oksitan, harshen da mawaƙan fada na kudancin Faransa suka ɗaukaka tun ƙarni na 12, kuma wanda Frédéric Mistral ya samu lambar Nobel da rubutu a ɗaya daga cikin karuruwansa a 1904.

Harshen bai ɓace daga ƙasar gaba ɗaya ba. Ya maƙale a sunaye. Kogin da taswira ke kira Lot, a Oksitan Òlt ne, shi ya sa garuruwan da ke sama da ruwan suke ɗauke da wannan suna, kamar Saint-Geniez-d'Olt. Kusa da Bouziès kogin Célé yake haɗuwa da Lot, kuma a kwarinsa, daf da ƙauyen Cabrerets, kogon Pech Merle yake. Wasu samari ne suka gano zane-zanensa a 1922, ciki har da dawakan nan masu ɗige-ɗige da aka ƙiyasta shekarunsu da kimanin 29,000. Ana ƙayyade yawan masu shiga kogon a kowace rana don kada numfashin jama'a ya lalata zanen. Amma baƙi nawa ne ke fita da sanin cewa kalmar pech tudu take nufi, ko cewa sunan Cabrerets yana da alaƙa da cabra, wato akuya? An tanadi doka da ma'aikata domin kare launin da ke jikin dutse, alhali sunan dutsen kansa ya zama sauti marar ma'ana a bakin yawancin masu furta shi.

Wannan ba hatsari ba ne, siyasa ce ta dogon zango. A 1794 Henri Grégoire ya gabatar wa majalisar juyin juya hali rahoton da ya nemi a kawar da harsunan yankuna. Dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 sun mai da ilimin firamare kyauta kuma tilas, da Faransanci ake bayar da shi. A makarantu da yawa akan miƙa wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida wata alama, shi kuma ya yi ta fakon wanda zai miƙa wa, wanda ta kwana a hannunsa ya sha horo. Dattawan da suka yi makarantar boko a Nijar da sauran ƙasashen rainon Faransa sun san wannan alama sarai, domin an yi amfani da irinta a kansu. Sai a 1951 dokar Deixonne ta ba da damar koyar da wasu harsunan yankuna. A 1992 aka sanya cikin tsarin mulki cewa Faransanci ne harshen Jamhuriya, kuma da wannan sashe aka kafa hujja a 2021 wajen soke ɓangaren dokar Molac da ya shafi koyarwa kacokan cikin harshen yanki a makarantun gwamnati.

Masu kare wannan tafarki sukan ce harshe ɗaya ya haɗa kan ƙasa, ya kuma buɗe wa ɗan manomi ƙofar aikin gwamnati, sannan iyaye da kansu ne suka daina yi wa 'ya'yansu Oksitan. Akwai gaskiya a nan. Amma uwar da ta sha bulala saboda harshenta, in ta hana shi ga ɗanta, da wuya a kira wannan zaɓi na son rai.

Manazarcin Hausa zai iya karanta wannan labari ya ɗauka Hausa ce a matsayin Oksitan. A Nijar ta zamanin mulkin mallaka akwai ƙamshin gaskiya a hakan. A yau kuwa, a sassa irin su Jihar Bauchi, Hausa ce harshen da yaran ƙananan al'ummomi ke komawa gare shi suna barin na kakanninsu, kuma sunayen duwatsu da rafuka su ne sukan saura bayan masu harshen sun yi shiru. Tattara irin waɗannan sunaye tare da ma'anoninsu, tun masu iya fassara su suna raye, aiki ne da ya fi ƙarfin ɗalibi ɗaya mai neman digiri. Yana bukatar sashe guda ya ɗauke shi a matsayin shiri na shekaru.

A kudancin Faransa an soma irin wannan gyara a makare. Akwai makarantun Calandreta masu koyarwa da Oksitan, akwai kuma garuruwan da suka kafa allunan suna da harsuna biyu a bakin hanya. Sai dai masu ƙaramin jirgin da ke ɗaukar baƙi a kogin Lot, idan sun zo wucewa ta gefen hanyar jan igiya, da Faransanci suke ba da tarihin wurin, wani lokaci su maimaita da Ingilishi.