Ku Daina Ɗaure Shaho A Kan Siminti

'Yan uwana Hausawa mazauna Yusufari, Nguru da Gashua.

Yau da yaranmu nake, har da iyayen da ke kallo suna dariya. Makon jiya a bayan rumfar babanmu na tarar da shaho ɗaure a kan bulo, tafin ƙafarsa ya kumbura kamar goro. Wai maganinsa baƙin mai da sakiya. Haba jama'a!

Wannan ciwo mu ke jawo shi. A daji shaho yana sauka kan rassa iri-iri. In aka daɗe ana ɗaure shi a siminti ko ƙarfe, fatar tafin ta kan mutu, farcensa ya huda ta, ƙwayar cutar Staphylococcus ta shiga. Mugunyar tsuntsu kuwa daskararriya ce kamar cuku, sakiya ba ta fitar da ita. Sai likitan dabbobi ya yanka ya kwashe, ya naɗe ƙafar, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sa masa matsayi mai laushi. In an makara ciwon ya kai ƙashi, shi ke nan.

A Abu Dhabi tun 1999 aka buɗe asibitin shaho sukutum. Mu kuma muna gurgunta mai cinye mana ɓera da jan baki, sannan mu yi kukan gero ya lalace.

Wanda ba zai iya kai shi gun likita ba, don Allah ya bar shi a sama. Allah Ya sa mu gane.