Aji Ɗaya Ba Wurin Jefa Sabon Malami Ba Ne

Jama'a, akwai wata al'ada a makarantunmu na firamare wadda ya kamata mu ɗaliban Hausa mu fito fili mu yi tir da ita. Wato da zarar an turo sabon malami, sai hedimasta ya miƙa masa aji ɗaya, wai don can ne aiki ya fi sauƙi. Haba! Aji ɗaya shi ne tushe, in kuwa gini ya karkace tun daga tushe, to babu mai miƙe shi a sakandare, balle jami'a.

Mu ɗauki ƙasar Gobir, wato Sabon Birni da Isa. Yaron da zai zauna gaban malami can Gobiranci ya tashi da shi: yana cewa "shina" inda littafi ya ce "yana", da "hwara" inda aka rubuta "fara". Galibi ya riga ya fara makarantar allo, hannunsa ya saba da tafiya daga dama zuwa hagu. To, shekara ukun da malamin ya yi yana neman takardar N.C.E., nawa aka kashe wajen nuna masa yadda zai ɗauko wannan yaro daga bakinsa ya kai shi ga baƙi da wasali? In malami ya yi wa harshen yaro dariya sau ɗaya, ya rufe bakinsa ke nan har ƙarshen shekara.

Ga kuma masifar 'yan bindiga. Tun wajen 2019 mutanen ƙauyuka suka riƙa ƙetarawa jihar Maraɗi gudun hijira, a watan Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya rasu a hannunsu. Saboda haka malami zai tarar da ɗan shekara shida da ɗan shekara goma a tabarma guda, wani maraya, wani ƙarar babur kawai ta isa ta firgita shi. Wa ya shirya shi don wannan?

Maimakon a gyara, sai aka ƙara dagula lamari. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, a 2022 aka ce a yi haka har shekara shida, amma a Nuwamban 2025 Ministan Ilmi Tunji Alausa ya soke tsarin, ya ce Turanci kawai, wai don yara na faɗuwa jarrabawa. Ni dai ban yarda ba. Ina littattafan da aka raba, ina malaman da aka horar, har da za a ɗora wa Hausa laifi? Alhali kuwa gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba a bar su a baya ba ko a Turancin.

Gaggawar horon malamai ta cuci shirin U.P.E. na 1976, kuma a nan Sakkwato aka ƙaddamar da U.B.E. a 1999, don haka mu ne ya fi kamata mu yi hankali. Nana Asma'u ba ta tura jaji ƙauye sai ta karantar da ita tukuna.

Shawarata ita ce, kwalejojin ilmi su mai da koyar da karatun farko darasi na tilas. Hukumomin ilmi na Isa da Sabon Birni su ba gogaggen malami aji ɗaya, sabo ya zauna ƙarƙashinsa zango guda. Mu kuma 'yan ƙungiya, mu rubuta ƙananan littattafan karatu da kacici-kacici da tatsuniyoyin Gobir. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace, amin.