Littafin Lissafin Yana Hannun Wa?

A garin Bridlington, can bakin teku a arewa maso gabashin Ingila, akwai wani bawan Allah mai suna Lee Castleton, tsohon ma'aikacin lantarki a rundunar sojan sama. A 2003 shi da mai ɗakinsa suka tattara ɗan abin da suka tara, suka sayi kanti mai haɗe da reshen gidan waya. Shekara ba ta zagayo ba kwamfutar reshen ta fara nuna giɓi. Ya ƙirga kuɗi ya sake ƙirgawa, ya bi rasitai ɗaya bayan ɗaya, bai ga inda kwabo ya zurare ba. Ya buga wa ofishin taimako waya sau 91. Kafin watan Maris na 2004 ya ƙare giɓin ya kai wajen fam 25,000, aka dakatar da shi, aka ce ya biya.

Ya ce bai ci ba, ba zai biya ba. Hukumar gidan waya ta maka shi Babbar Kotu a Landan.

Sai na ɗan tsaya a nan don wanda gidan waya a wurinsa wurin aika wasiƙa ne kawai. A ƙauyukan Birtaniya shi ne bankin talaka: a nan tsoho ke karɓar fansho, a nan ake biyan kuɗin wuta, a ajiye a cire. Masu riƙe da waɗannan ƙananan rassa kuma ba ma'aikatan hukumar ba ne. Wakilai ne masu kwantiragi, shago nasu, jari nasu, amma na'ura da lissafin da ke cikinta na hukuma. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin lemar mai POS a bakin kasuwa ya ga irin wannan zama. Manhajar da aka raba musu daga 1999 sunanta Horizon, aikin kamfanin Fujitsu na Japan.

Da farko Castleton na da lauyoyi, kamfanin inshora ke biya. Kuɗin suka ƙare tun ba a shiga gaban alƙali ba. A Disambar 2006 ya tsaya shi kaɗai da tarin takardunsa, ɗaya ɓangaren kuwa gogaggun lauyoyi ne da shaidu, har da ma'aikaciyar Fujitsu da ta zo ta ce ba ta ga matsala a na'urar ba. A Janairun 2007 aka kayar da shi. Bayan giɓin, aka ɗora masa kuɗin shari'ar hukuma, fam 321,000. Ya karye ƙarƙaf. Shekaru bayan haka, a gaban kwamitin binciken da gwamnati ta kafa, ta fito fili cewa hukumar ta san ba shi da abin biya. Ba kuɗin take nema ba. So take a daki jaki, sauran jakuna su ga bulala.

Abin da ya fi ci mini rai a labarinsa shi ne, hujjar da za ta wanke shi tana nan ajiye a lokacin. Fujitsu na da kundi na musamman inda ma'aikatansa ke rubuta kurakuran manhajar da suka sani. Castleton bai san da shi ba, balle ya nemi kotu ta sa a kawo. Muna cewa gaskiya dokin ƙarfe, kuma haka ne, amma doki sai da mahayi. Alƙali ba ya fita neman hujja. Abin da aka ajiye masa a kan teburi da shi yake hukunci, wanda bai san abin da zai ce a kawo ba kuwa ya faɗi tun kafin a zauna.

Kada mai karatu ya yi saurin cewa, to ai maganin ke nan, a ɗauki lauya. Yawancin waɗanda aka gurfanar suna da lauyoyi, kuma mutum sama da 900 aka samu da laifi tsakanin 1999 da 2015. Jo Hamilton, mai reshe a wani ƙauye a Hampshire, tana kan waya da ofishin taimako giɓin da ke allonta ya ninka a kan idonta. Ta jinginar da gida ta cike, ya sake ɓullowa. Aka tuhume ta da satar fam 36,000, sannan aka yi mata tayi: ta amsa laifin murɗe lissafi, ta biya kuɗin, kada ta ambaci na'ura, a janye tuhumar sata. Tsoron kurkuku ya sa ta amsa a ƙarshen 2007. Ashe mai binciken hukumar da kansa ya rubuta cewa bai ga shaidar sata ba, amma takardar ba ta isa hannun masu kare ta ba. Seema Misra ta ƙi amsa sata, aka ɗaure ta wata 15 a 2010, tana da ƙaramin ciki, ranar da ɗanta ke cika shekara goma.

Ban ga laifin lauyoyin ƙananan garuruwa da suka ce wa mutanensu su amsa ba. Hannunsu babu komai. Hukumar ita ce mai ƙorafi, ita ce mai bincike, ita ce mai gabatar da ƙara, don dokar Ingila ta ba ta damar gurfanar da mutum da kanta ba tare da ta bi ta hannun 'yan sanda ba. Wuƙa da nama duk suna hannunta. Ga kuma gyaran dokar da aka yi a 1999, wanda ya sa kotu ke ɗaukar kwamfuta a matsayin mai aiki daidai sai in an nuna akasin haka. Ta yaya za ka nuna, alhali bayanan suna wurin wanda ke tuhumarka? Kowanne kuma an ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala.

Wanda ya ƙi yarda da wannan magana shi ne Alan Bates, mai reshe a arewacin Wales, da aka soke kwantiraginsa a 2003 saboda ya ƙi sa hannu a lissafin da ba zai iya tantancewa ba. Ba ma'aikaci ba ne a idon doka, don haka ƙofar kotun ma'aikata ba ta buɗe masa ba. Amma mutum ne mai ajiye takarda. A 2009, bayan mujallar Computer Weekly ta buga labarin mutum bakwai, ya kira taro a zauren wani ƙauye, Fenny Compton. Nan kowa ya ga ashe ba shi kaɗai ba ne.

An fara gwada sulhu. A 2013 aka kafa tsarin sasanci, mutum 150 suka nema, aka karɓi 136. A Maris 2015 hukumar ta rushe kwamitin da ke kula da shi. Sulhu alheri ne, babu mai musu, amma sulhun da ɓangare ɗaya ke riƙe da dukkan takardu, shi ke biyan masu bincike, shi ke da ikon tashi daga tabarma duk sa'ar da ya ga dama, ɓata lokaci ne da sunan zumunci.

Daga nan ne gogaggu suka shigo. Wani lauya, James Hartley na ofishin Freeths, ya ɗauki ƙarar mutum 555 a dunƙule, babban lauya Patrick Green ya jagoranci tsayuwa gaban kotu. Abin lura shi ne ba da na'ura suka fara ba. Da kwantiragi aka fara. Me aka sa wa hannu? Wa ke da nauyin nuna inda kuɗi suka tafi? Sai ga shi wasu wakilan ba su taɓa ganin cikakken kwantiragin ba kafin su kama aiki. A ranar 15 ga Maris 2019 Mai Shari'a Peter Fraser ya yanke cewa irin wannan alaƙa ta dogon zama tana ɗora wa hukuma nauyin yin aiki da gaskiya, kuma ba ta da ikon ɗora wa wakili giɓi haka kawai ba tare da ta bincika ta nuna asararta ba. Shekara kusan ashirin ana karɓar kuɗin mutane a kan fassarar da ba ta tsaya a gaban alƙali ba.

Da hukumar ta ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ta nemi alƙalin ya sauka daga shari'ar, wai yana nuna son kai, ana tsakiyar zama na biyu, wanda ke kan na'urar. Ya ƙi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mara masa baya. Ta nemi izinin ɗaukaka ƙara kan hukuncin kwantiragi, nan ma aka hana, har alƙalin da ya duba ya kwatanta halinta da na mai masana'anta a zamanin Sarauniya Biktoriya. A zama na biyu aka tilasta fito da kundin nan da Castleton bai san da shi ba. Aka tattauna kurakurai 29 na manhajar. Wani tsohon ma'aikacin Fujitsu, Richard Roll, ya ba da shaida cewa daga ofishinsu suna iya shiga lissafin reshe su sauya shi, mai reshen bai sani ba, abin da hukumar ta yi shekaru tana musantawa.

A Disambar 2019 aka koma tabarmar sulhu, wannan karon da hukunci a aljihu, aka daidaita a kan fam miliyan 57.75. Ga inda labarin ke da ɗaci. Mutum 555 ɗin nan ba su da kuɗin shari'a, wani kamfani ne mai suna Therium ya zuba jari a ƙarar bisa sharaɗin in an ci a ba shi kasonsa. Da aka cire nasa da na lauyoyi, wajen miliyan 46 sun tafi. Abin da ya rage, in an raba, wajen fam 20,000 ne ga kowane mutum, ga wanda ya rasa shago da gida da mutunci. Mai son ya ce kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi, ba zan hana shi ba. Sai dai hukumar ce ta ja shari'ar har kuɗi suka kusa ƙarewa, kuma ba don hukuncin da waɗannan kuɗi suka sayo ba, da babu abin da ya biyo baya.

Abin da ya biyo baya shi ne ɗaukaka ƙarar waɗanda aka samu da laifi, kuma a nan ne na ga bambancin lauya da lauya ƙarara. Hukumar ta riga ta sallama cewa yawancinsu ba a yi musu shari'ar adalci ba. Da an tsaya a nan, da an wanke su shiru, kowa ya tafi gida. Amma lauyoyi biyu, Paul Marshall da Flora Page, masu tsaya wa Seema Misra da wasu mata biyu, suka dage sai kotu ta saurari hujja ta biyu: cewa gurfanar da su tun farko cin mutuncin shari'a ne. A cikin takardun da aka fito da su akwai wata shawara da wani lauyan hukumar, Simon Clarke, ya rubuta tun 2013, yana gargaɗin cewa ƙwararren Fujitsu da ake kawowa shaida ya san da kurakurai bai faɗa wa kotuna ba. Batun wannan takarda ya jawo wa lauyoyin biyu barazanar tuhumar raina kotu, har suka janye daga shari'ar. Amma maganarsu ta riga ta shiga. A ranar 23 ga Afrilu 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39, a kan hujjojin biyu duka. Yawancin sauran sai da wani wasan kwaikwayon talabijin a kan lamarin ya tayar da ƙura a Janairun 2024, sannan majalisa ta yi doka a watan Mayu ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda.

Ina karanta wannan ina tuna wani ƙanina mai POS a unguwarmu. Kwanakin baya ya zo mini fuska a murtuke.

"Yaya, an cire mini kuɗi sau biyu a kan ciniki ɗaya. Na kira su, sun ce a wurinsu komai daidai yake."

Na ce masa, "Ina takardar da ka sa wa hannu ranar da suka ba ka na'urar?"

Ya yi dariya. "Wace takarda, Yaya? A waya aka ce in danna na amince, na danna."

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma haka nake dannawa. Na dai sa shi ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ya riƙa rubuta kowane ciniki da lokacinsa, kowane kira da sunan wanda ya ɗauka, ya daina yar da rasit. Na ce ya tambayi abokan sana'arsa ko an taɓa yi musu haka, kada ya yarda shi kaɗai ne. Kuɗinsa ba su kai na lauya ba, amma in wata rana suka kai, ya san abin da zai tambaya: Barista, ka taɓa yin irin wannan shari'ar? Waɗanne takardu za ka sa su fito da su? Nawa ne naka in an ci, nawa ne in an faɗi, kuma a rubuce? Lauyan da ya ƙware a rikicin fili ba lallai ya san hanyar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ba, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya keɓe wa shari'un aiki a Najeriya. Ɗaukaka ƙara kuma tana da wa'adi, wata uku ne daga hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, kuma ba sabuwar shari'a ake buɗewa a can ba. Abin da ba ka shigar a kotun farko ba, da wuya a bar ka ka kawo shi a sama.

Shi kuwa Lee Castleton, dokar 2024 ba ta shafe shi ba, don ba laifi aka same shi da shi ba, bashi aka ɗora masa. A 2025, shekara 18 bayan ya fito daga Babbar Kotu da takardunsa a hammata, ya shigar da sabuwar ƙara a kan hukumar da Fujitsu, yana neman a soke wancan hukunci saboda da yaudara aka same shi. Wannan karon da lauyoyi ya tafi.