GADAR LUGGA TA SAMU GATA, INA TA TALAKA?

Jama'a, a birnin Kaduna, cikin lambun Gamji, akwai wata 'yar gada ta ƙarfe da katako. Gwamna Lugga ne ya sa aka gina ta a Zungeru cikin 1904. Bayan hedkwata ta koma Kaduna sai aka kwance ta, aka ɗauko, aka sake kafawa. Cikin 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Ba mu ƙi ba, a ci gaba da adana ta, gama malama ce. Ta nuna mana 'yar gadar ƙafa tana iya shekara ɗari da ashirin idan akwai mai kula.

To, ina mai kula da talakan Ikara da Makarfi da Kudan? Ƙasar fadama ce. Raken da ake lodi a kasuwar Makarfi ran Laraba, da mazarƙwaila, da tumatir, da barkono, da yawansu sai sun tsallake rafi kafin su ga titi. Da rani ƙaramin yaro ma ya haye. Amma ran da aka kwana ana ruwa cikin Agusta, sai mai kaya ya zauna a gaɓa yana kallo har kasuwa ta watse. Tumatir kuwa ba ya jira. Ɗan makaranta ya koma gida. Mai naƙuda fa? Wannan sai Allah.

In an yi magana sai mahukunta su ce babbar gada sai kuɗi masu yawa. Wa ya roƙe su babbar gada? Akwai gadar lilo, watau wadda ake ratayawa. A kafa ginshiƙi a kowace gaɓa, a ja igiyoyin ƙarfe masu kauri, a ɗaure su cikin kankare, a shimfiɗa daɓe. Ba ta da ƙafa cikin ruwa, saboda haka ambaliya sai ta wuce ta ƙarƙashinta. Mutum da buhu da keke duk su haye. Ƙasar Nepal, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta cika irin waɗannan gadoji 10,000 cikin 2023, mutanen ƙauye kuwa da hannunsu suka taya aikin.

Cikin 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, amma ɗan kasuwa bai huta ba. Ran kasuwa ana yankar masa tikiti tun bai yi ciniki ba. Cikin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe tambaya ta halatta: ina kuɗin suke shiga?

Ga abin yi. Kowane reshen jam'iyya ya ƙidaya mahayan da ke yankinsa, ya rubuta sunan rafi da ƙauyukan da ke bayansa da watannin da ba ya hayuwa. A sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala. A kai wa kansila takarda, a kai kwafi ofishin shugaban ƙaramar hukuma tun ba a tsara kasafin baɗi ba. Mai neman ƙuri'a kuwa in ya zo, kada a karɓi sabulu da atamfa. A kai shi bakin rafi a ce ya haye.

Allah ya ba talaka sa'a, amin.