Raunin Kai Ga Yara: Kira Ga Malamai Da Fatake

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake na Sabon Birni da Isa, kowa ya san halin da ƙasar Gobir ta shiga, tun daga kisan Garki na 2020 har zuwa matafiyan da aka ƙone cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021. An ƙirga mamata, an yi musu salla. Waɗanda ba a ƙirga ba su ne yaran da aka buga wa gindin bindiga a ka, ko suka faɗo daga babur da amalanke wajen gudu, fata ta warke, aka ce sun samu sauƙi.

To, ba lalle ne sun samu ba. Magabata sun san kai ba kamar sauran jiki yake ba. Ku duba Risala ta Ibn Abi Zaid: raunin da ya tone ƙashi raƙuma 5 ne, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusin diyya, gushewar hankali kuwa diyya cikakkiya. Likitoci sun ƙara mana da cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, mai riƙe natsuwa da danne fushi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka ɓarnar da aka yi wa ɗan shekara 5 tana iya ɓuya, sai ranar da karatu ya yi nauyi ta bayyana. Almajirin da ke riƙe sumuni a da, sai ka ga aya uku ta gagare shi. Ga ciwon kai, ga mantuwa, ga faɗa ba dalili. Wani ma farfaɗiya ke kama shi bayan watanni ko shekaru.

A nan ne mu malamai ke da alhaki. Mu ce taurin kai ne mu ɗauko bulala, wani har da ranƙwashi a kan wurin da ya riga ya ji ciwo, alhali shari'a ta hana dukan fuska ko ga mai lafiya. Lalle ne a tambayi uba ran da ya kawo yaro ko ya taɓa buguwa a ka ya suma. In haka ne, a rage masa allo, a yawaita tilawa, a zaunar da shi kusa da malam nesa da hayaniya, kada a aike shi rijiya ko gindin wuta shi kaɗai. In ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki. Farfaɗiya ba a ɗaukarta, kuma tana da magani na kullum. Rubutu da addu'a ba su hana shansa.

Ku kuwa fatake, motoci na hannunku. Yaron da ya bugu ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi, ko jini ko ruwa ya fito masa ta kunne ko hanci, kada a jira ranar kasuwa, ko da ya tashi ya yi magana, don jini kan taru a hankali cikin ƙoƙon kai. A kai shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. In sun tura shi Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen aikin ƙwaƙwalwa. Hanyar Goronyo da nisa, da hatsari, da tsada, uba ɗan gudun hijira ba ya iya ta. Kowace kasuwa ta aje wani abu a hannun amintacce domin kuɗin mai.