Wa Zai Amsa Tambayoyin Ɗalibi a Baure?

Yawancin ɗalibai masu shirin rubuta kundin digiri sun ɗauki Google Forms tamkar ita kaɗai ce hanyar tattara bayanai, domin kyauta ce. To, amma ba ta aiki sai da intanet, kuma lalle mai amsawa ya iya karatun boko. Alal misali, ɗalibin da ke nazarin Dauranci a ƙasar Baure, wajejen Babban Mutum kusa da iyakar Nijar, zai tarar tsofaffin da suka fi riƙe furucin asali su ne ba za su taɓa buɗe takardar ba. Amsar samari masu manyan wayoyi zai tara, alhali kundin yana cewa ta jama'ar Baure ce.

KoboToolbox ta fi dacewa da wannan aiki. Ɗalibi zai zuba tambayoyinsa a waya, ya karanta wa dattijo, ya ɗauki muryarsa ba tare da intanet ba, in ya iso Daura ya tura. Ya kamata malamai su binciki wannan zaɓi tun ranar amincewa da taken bincike.