Jifan Kibiya Lissafi Ne, Ku Daina Kiransa Caca

Jama'a, duk lokacin da aka tashi maganar samar wa matasan Suleja abin da zai janye su daga shagunan cacar ƙwallo, da an ambaci wasan jifan kibiya, wanda Turawa ke kira dat, sai wasu daga cikin manyanmu su ɗaure fuska. Wai wasan mashaya ne, wai kuma sa'a ce zalla, don haka ƙanin caca ne. Zargin farko yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Na biyu kuwa, sai wanda bai taɓa tsayawa ya dubi faifan wasan ba ne zai faɗe shi.

To mu dubi faifan. An raba shi gida 20, ana rataye shi yadda cibiyarsa za ta kai mita 1.73 daga ƙasa, mai jifa kuma ya tsaya nesa da mita 2.37, ya jefa kibiya uku a kowane zagaye. Siririn zoben da ke bakin faifan yana ninka makin gida sau biyu, na ciki yana ninkawa sau uku. Cibiya maki 50 ce, kewayenta 25. Ke nan wuri mafi tsada shi ne ninki ukun 20, wato 60, kibiya uku a nan su ba ka 180. Amma 20 tana tsakanin 1 da 5 ne. Hannunka ya ɗan karkace, ka tashi da maki 1. Shi ya sa sabon shiga mai wayo yake neman gefen 16, inda maƙwabtanta 7 da 8 ne, ko ya kuskure ba ya tashi a tutar babu. Ina sa'a a nan?

Kowa yana farawa da maki 501, ana ragewa har a kai sifili cif, kuma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa zoben ninki biyu ko cibiya. Ka zarce adadin da ya rage maka, ko ka bar 1, jifan zagayen ya tashi a banza, ka koma inda kake. Nan ne ƙwaƙwalwa take aiki. Mai saura 57 ya san 17 zai nema, sannan ninki biyun 20. Gwanaye suna son su bar wa kansu 32, domin in sun nemi ninki biyun 16 kibiya ta faɗa 16 kawai, saura 16, sai su koma ninki biyun 8, in ya sake faruwa su koma na 4. Wanda ya bar 38 kuwa, ya kuskure ya samu 19, ya jawo wa kansa lambar da ba ta rabuwa biyu, sai ya ɓata kibiya guda wajen gyara. Duk wannan a ka ake yinsa, cikin daƙiƙoƙi. Yaron da malamin lissafi ya gaji da shi a aji, ku ba shi wata biyu a gaban faifai ku ga yadda zai riƙa cire 57 daga 141 kafin ku ciro waya.

Maganar mashaya, gaskiya ne a gidajen giyar Ingila wasan ya girma. To sai me? Ƙwallon ƙafa ma ana kallonta a mashaya, ba mu hana 'ya'yanmu bugawa ba. Luke Littler ya ci kofin duniya na wannan wasa a Landan a watan Janairun 2025 yana ɗan shekara 17, lokacin da ko giyar ma dokar ƙasarsu ba ta yarda a sayar masa ba. Dattawanmu suna zama gindin bishiya suna buga dara, ba wanda ya taɓa ce musu 'yan caca, alhali dara ma ana iya ajiye kuɗi a kanta. Kuɗin da aka ajiye su ne cacar, su ya kamata a yaƙa. Abin mamaki, masu tsoron faifai suna wuce shagon caca kullum a hanyar kasuwa ba su ce uffan ba.

Kuma ku dubi halin da garin nan yake ciki. Ma'aikatan Abuja sun cika Suleja, kowane fili ya zama gidan haya, yara ba su da inda za su buga ƙwallo sai kan titi. Wannan wasa bango ɗaya yake buƙata da taku kaɗan a gabansa. Da rana ba ruwansa da wutar lantarki, ba ya cin data. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, a zamanin da kwari da baka ke tsare ganuwa, bai kamata a ce saiti baƙon abu ne a cikinsa ba.

Haɗarin da na yarda da shi guda ne: bakin kibiyar yana da tsini. Maganinsa babba ya tsaya a wurin, kada kowa ya gitta ana jifa. Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a sayi faifai ɗaya a gwada, a rubuta sharuɗɗa a manna a bango: ba ajiye kuɗi ko na sisi, ana kiran salla a tashi, kuma mai rubuta maki da alli ya zama ɗan makaranta.